Yadda Ake Auna Tasirin Ilimi da Samu a Kan Yawan Haihuwa

A binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Najeriya a 2018, macen da ba ta yi makaranta ba tana haihuwar 'ya'ya 6.7 a matsakaici, wadda ta wuce sakandare kuma 3.4. A Indiya, binciken 2019 zuwa 2021 ya ba da 2.8 ga wadda ba ta taɓa shiga aji ba, da 1.8 ga wadda ta yi shekara 12 ko fiye tana karatu. Ƙasashen nan biyu sun sha bamban ta fuskoki da yawa, amma alƙaluman sun karkata gefe guda. Da ganin haka sai mutum ya yi saurin cewa karatu ne ke rage haihuwa, ko talauci ne ke ƙara ta, ya rufe littafi. Wannan gaggawar ce take ɓata aikin ɗalibai da rahotannin ma'aikatan lafiya da na 'yan jarida.

Takardar shaidar karatu ba ta hana ciki da kanta, haka ma kuɗi. Duk inda ka ga haihuwa ta ragu a hannun masu ilimi ko masu wadata, akwai hanyar da abin ya bi, kuma ruwa ba ya tsami banza. Aikin mai nazari shi ne ya auna gibin daidai, sannan ya bi sawun hanyar. Ga yadda ake yi.

Ka san abin da kake aunawa

Ma'auni uku ne suka fi yawo a rahotanni, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne ɗanyen ƙiyasi: jariran da aka haifa a shekara, a cikin kowane mutum 1,000 na jama'a. Yana da sauƙin samu, amma kada ka kwatanta rukuni da rukuni da shi, domin ya haɗa maza da tsofaffi da yara cikin lissafin. Wurin da matasa suka yi yawa zai nuna adadi mai girma ko da kowace mace ba ta haihuwa da yawa.

Na biyu shi ne 'ya'yan da mace ta taɓa haifa da rai zuwa ranar da aka tambaye ta. Wannan yana da amfani ne idan ka taƙaita shi ga mata masu shekara 40 zuwa 49, waɗanda suka gama haihuwa ko suka kusa. Aibinsa shi ne labarin jiya yake bayarwa, don yawancin 'ya'yan an haife su shekara 15 ko 20 da suka wuce.

Na uku, wanda ya kamata ka dogara da shi, shi ne jimillar haihuwar mace ɗaya, wanda rahotanni ke rubutawa da TFR. Ana raba mata rukuni bakwai na shekara biyar-biyar, daga 15 zuwa 49. A kowane rukuni a lissafa haihuwa nawa aka samu a shekara cikin mata 1,000. A tara bakwai ɗin, a ninka da 5, a raba da 1,000. Ga misali na koyon lissafi kawai: 100 ga 'yan 15 zuwa 19, sai 220, 240, 200, 140, 60, da 20 ga 'yan 45 zuwa 49. Jimilla 980 ke nan. Ninki biyar ya ba da 4,900, a raba da 1,000 a samu 4.9. Ma'anarsa, da mace za ta rayu daga 15 zuwa 49 tana haihuwa da irin saurin da ake yi a bana, 'ya'ya kusan biyar za ta haifa. Inda yara ba sa yawan mutuwa, 2.1 ne adadin da ke sa 'ya'ya su maye gurbin iyayensu. Inda mace-macen yara suka yi yawa, adadin ya haura haka. A duniya baki ɗaya, ma'aunin ya sauko daga wajen 5 a shekarun 1960 zuwa wajen 2.3 a 'yan shekarun nan, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Akwai wani ɗan kuskure a nan da kusan kowane sabon hannu yake yi. Manyan bincike suna ɗaukar haihuwar watanni 36 kafin ranar tambaya, kuma mace ba ta zama a rukuni guda duk tsawon lokacin. Wadda ta cika 21 yau ta yi shekara biyu a rukunin 15 zuwa 19, shekara ɗaya a rukunin 20 zuwa 24. Jaririn da ta haifa tana 19 na rukunin farko ne, kuma shekarun da ta yi dole a raba su tsakanin rukunan biyu. Idan ka zuba komai a rukunin shekarunta na yau, za ka rage haihuwar 'yan mata ƙanana, alhali a nan ne gibin ilimi ya fi bayyana.

Inda bayanan suke, da inda suke yoyo

Kafin ka ɗauki takarda ka fita, duba abin da aka riga aka tattara. Binciken lafiya da yawan jama'a da ake kira DHS, wanda aka fara tun 1984, ya shafi ƙasashe da dama na Afirka da Asiya da Latin Amurka, kuma kowane rahoto yana da jadawalin haihuwa gwargwadon ilimi, da wadata, da zaman birni ko karkara. UNICEF na da nata mai suna MICS. Ƙidayar jama'a tana ba da ƙananan yankuna waɗanda bincike ba ya kaiwa. Idan ɗanyun bayanan ka sauke zuwa kwamfuta, ka tuna kowace mace tana da lambar nauyi, saboda an ɗebi mutane da yawa a wasu yankuna da gangan. Wanda ya manta da lambar nan zai samu adadin da bai dace da rahoton ba, ya yi ta neman kuskure inda babu.

Idan kuwa da kanka za ka yi tambayoyin, kada ka ce wa mace “'ya'yanki nawa?” ka tsaya nan. Raba tambayar gida uku: nawa ne suke tare da ke, nawa ne suke zaune a wani wuri, nawa ne aka haifa da rai suka rasu, ko da kuka ɗaya suka yi. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya daga na fari, da wata da shekara. Duk inda ka ga tazarar da ta kai shekara huɗu tsakanin haihuwa biyu, ka sake tambaya a hankali ko akwai wanda aka tsallake. Jaririn da ya kwana biyu ya koma shi ne ake yawan bari a baya, domin ambatonsa yana tayar wa uwa da miki. Ka sa mace ta yi wa mace tambayar, a keɓe, ba a gaban miji ko surukai ba, kuma a faɗa mata tun farko cewa tana iya ƙin amsa abin da ba ta so. Wannan haƙƙinta ne, kuma shi ne ke kawo amsar gaskiya.

Tsallake 'ya'yan da suka rasu ya fi yawa a wajen matan da suka manyanta da waɗanda ba su yi karatu ba, don haka kuskuren yana ƙanƙanta gibin da kake nema. Shekaru ma haka. Inda ba a rajistar haihuwa, mutane suna tattaruwa a lambobin da suka ƙare da 0 ko 5. Ka ƙirga mata nawa suka ce 30, nawa suka ce 29 ko 31. Idan na 30 sun ninka maƙwabtansu, shekarun na ƙiyasi ne, sai ka yi aiki da rukunin shekara biyar-biyar kawai. Masu tambaya su ma suna da tasu dabarar: idan takardar ta tanadi dogayen tambayoyin lafiya ga yaran da ba su kai biyar ba, mai son gamawa da wuri sai ya tura ɗan shekara huɗu ya koma shida. Alamar ita ce, idan ka ƙirga haihuwa shekara-shekara, ka ga rami a shekara guda da tudu a wadda ta gabace ta.

Auna ilimi, auna samu

Ilimi ya fi sauƙi. Ka tambayi aji mafi girma da ta kammala, ka mai da shi shekaru. Ka ba ta jimla gajera ta karanta, domin akwai wadda ta yi shekara shida a firamare ba ta iya karanta layi ɗaya. Ka rubuta na miji daban. Ka kuma tambayi shekarunta lokacin da ta bar makaranta da dalilin barin, za ka ga amfaninsa nan gaba.

Samu ne mai wahala. Manomi da ɗan kasuwa da mai aikin hannu ba su da albashin wata, kuma ba kowa ke son faɗin abin da yake samu ba. Shi ya sa manyan bincike suke duba kadara: irin daɓen ɗaki da rufinsa, inda ake samun ruwan sha, irin makewayi, wutar lantarki, rediyo, firji, abin hawa, gona da dabbobi. Ana haɗa waɗannan a ba kowane gida maki, a jera gidajen, a raba su kashi biyar daidai. A binciken Najeriya na 2018, kashin da ya fi talauci ya nuna 6.7, wanda ya fi wadata 3.8. Amma ka lura da abu biyu. Makin yana fifita kayan birni, har mai garken shanu ya faɗa cikin matalauta don ba shi da lantarki, saboda haka wani ɓangare na abin da ake kira gibin wadata gibin birni da ƙauye ne. Sannan kashi biyar ɗin na cikin ƙasa ɗaya ne. Mai wadatar wata ƙasa yana iya zama matsakaici a wata, ba a kwatanta su kai tsaye.

Kuskuren da ya fi kowanne illa shi ne raba kuɗin shigar gida da yawan mutanen gidan, sannan a kwatanta da yawan 'ya'ya. Ɗauki gida biyu, kowanne samunsa 100. Ɗaya mutum huɗu ne, kowa ya tashi da 25. Ɗayan mutum goma, kowa 10. Jadawalinka zai nuna talaka ne ke tara 'ya'ya, alhali samunsu ɗaya, kai ne ka sa 'ya'yan a cikin lissafin talaucin. Ka yi amfani da samun manyan gidan kafin a raba, ko kadara, ko sana'ar iyayen da suka haifi matar.

Raba ilimi da wadata, ka daidaita shekaru

Masu ilimi su ne galibi masu wadata, su ne mazauna birni, su ne matasa. Idan ba ka warware wannan ƙullin ba, ba ka san wanda kake aunawa ba. Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar wata manhaja mai wuya. Zana jadawali: matakan ilimi a tsaye, matakan wadata a kwance, ka cike kowane gidan jadawalin da matsakaicin haihuwa. Ka bi layi ɗaya na wadata daga sama zuwa ƙasa ka ga abin da ilimi yake yi a tsakanin masu hali ɗaya. Ka bi layi ɗaya na ilimi ka ga abin da wadata take yi. Ka yi wa birni nasa, karkara nata. A ƙasashe masu tasowa, abin da aka fi gani shi ne gibin wadata yana raguwa sosai idan an riƙe ilimin mace wuri ɗaya, shi kuwa gibin ilimi yana nan da ƙarfinsa.

Wasu gidajen jadawalin za su zo kusan fanko, kamar mace mai digiri a kashin da ya fi talauci. Rahotannin DHS suna ɓoye adadin da ya fito daga ƙasa da mutum 25, suna sa wa na 25 zuwa 49 alamar gargaɗi. Ka bi wannan ƙa'idar. Gara ka haɗe rukuni biyu da ka gina magana a kan mata tara.

Shekaru kuwa, kada ka taɓa kwatanta 'ya'yan da aka taɓa haifa ba tare da ka tsaya cikin rukunin shekaru ɗaya ba. Inda makarantu suka yawaita kwanan nan, masu karatu 'yan ashirin da wani abu ne, marasa karatu iyayensu ne. Kwatanta su tamkar kwatanta gonar da aka girbe ne da wadda aka shuka jiya.

Bi sawun hanyar

A 1978 masanin ƙididdigar jama'a John Bongaarts ya nuna cewa abubuwa huɗu ne suke bayyana yawancin bambancin haihuwa tsakanin al'ummomi: yawan matan da ke cikin aure da shekarun da suke shigarsa, amfani da hanyoyin tazara, zubar da ciki, da tsawon lokacin da mace ba ta ɗaukar ciki bayan haihuwa saboda shayarwa ko nisantar miji. Ilimi da kuɗi da addini da zaman birni, duk sai sun ratsa ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan. Saboda haka ga kowane rukunin ilimi ka fitar da matsakaicin shekarun aure, da shekarun haihuwar fari, da tazara tsakanin haihuwa a watanni, da tsawon shayarwa, da kashin masu amfani da hanyoyin tazara.

Ɗan lissafi zai nuna maka nauyin kowace ƙofa. Mace ta fara haihuwa tana 16, ta tsaya tana 40, tana haihuwa duk shekara biyu da rabi. Shekara 24 ke nan, haihuwa tara zuwa goma. Wata ta fara tana 23 don ta tsaya ta gama karatu, tazararta iri ɗaya: shekara 17, haihuwa kusan bakwai. Ba ta sha magani ba, ba ta ma canja ra'ayi ba, amma an samu ragin kusan uku. Idan ta ƙara tazarar zuwa shekara uku da rabi, sai ya koma biyar. A zahiri adadin ba ya kai haka, saboda ɓari da rabuwar aure da raguwar ƙarfin haihuwa bayan 35, amma ka ga yadda jinkirin aure kaɗai yake cin babban rabo. A ƙasashe da yawa, sakandare ce ke kawo babban sauyi, domin ita ce take riƙe yarinya a aji a daidai shekarun da da an aurar da ita.

Ƙofar shayarwa tana iya juyawa ta yi akasin abin da kake zato. Mace mai ɗan karatu ko mai aikin albashi takan yaye da wuri, jinin al'ada ya dawo da wuri, idan ba ta ɗauki wata hanyar tazara ba sai kwanika. Ga kuma ingancin abinci da lafiya da ke rage ɓari. Shi ya sa a wasu ƙasashen aka ga mata masu 'yan shekarun firamare suna haihuwa daidai da marasa karatu, ko ma fiye. Idan jadawalinka ya nuna haka, kada ka ɗauka kuskure ne, ka duba watannin shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, ka auna kowane rukuni da wannan ma'auni.

Bayan ƙofofin akwai abin da yake sa a buɗe su ko a rufe, kuma na farko shi ne rayuwar yara. Inda yaro ɗaya cikin biyar yake rasuwa kafin ya cika shekara biyar, uwa mai 'ya'ya huɗu, damar dukansu su rayu kashi 41 ce kawai cikin 100. Ninka 0.8 sau huɗu ka gani. Inda ɗaya cikin 50 ne ke rasuwa, damar ta kai kashi 92. Iyayen da ke cikin hali na farko ba jahilci ne yake sa su yawaita haihuwa ba, lissafinsu daidai yake da abin da idonsu ya gani. Masanin ƙididdigar jama'a John Caldwell ya nuna tun 1979, da bayanai daga Najeriya, cewa karatun uwa yana da alaƙa mai ƙarfi da rayuwar 'ya'yanta. Don haka wani ɓangare na tasirin ilimi ta nan yake bi: yara suna rayuwa, bayan wasu shekaru iyaye su samu natsuwa su rage. Jinkirin nan shi ne dalilin da jama'a ke ƙaruwa da sauri a tsakanin faɗuwar mace-mace da faɗuwar haihuwa.

Na biyu shi ne yawan 'ya'yan da ake so. Masanin tattalin arziki Lant Pritchett ya ƙiyasta a 1994 cewa bambancin adadin da mata suke so yana bayyana kusan kashi 90 na bambancin haihuwa tsakanin ƙasashe. Ka tambayi adadin da take so, ka tambayi na miji daban, domin sau da yawa ba sa zuwa ɗaya. Ka sani mace mai 'ya'ya bakwai da wuya ta ce huɗu take so, kamar ta yi wa uku baki ne, don haka amsar matasa ta fi nuna inda aka dosa. Wadda ta ce sai abin da Allah ya bayar, ka rubuta amsarta yadda take, ka ƙirga irinsu. Kada ka jefar, kada ka cusa mata lamba. Idan ka samu wadda ta ce ba ta son ciki yanzu amma ba ta amfani da komai, ka nemi dalili: nisan asibiti, tsada, tsoron illa, ko rashin yardar miji. Kowanne maganinsa daban.

Kuɗin wa, kuma daga ina

Kalmar samu tana ɓoye abubuwa biyu masu jan igiya gefe daban-daban. Masanin tattalin arziki Gary Becker, wanda ya fara wannan nazari a 1960, ya lura cewa ƙarin kuɗi shi kaɗai ya kamata ya ba mutum ikon riƙe 'ya'ya da yawa. Kuma an ga hakan. Lokacin da kasuwar kwal ta buɗe a yankin Afalashiya na Amurka a shekarun 1970, samun maza ya tashi, haihuwa ta ƙaru. Bincike a kan yankunan Amurka da aka samu bunƙasar haƙar mai da iskar gas a shekarun 2000 ya nuna irin wannan. Amma idan albashin mace ne ya tashi, kowane goyo yana cin ta kuɗi, don watannin da za ta bar aiki yanzu suna da tsada. Irin aikin ma yana da tasiri. Sana'ar da ake yi a gida da yaro a baya ba ta karo da haihuwa kamar aikin masana'anta ko ofis mai ƙayyadadden lokaci. Idan ka dunƙule samun miji da na mata wuri ɗaya, ɗaya zai shafe ɗaya, ka ce babu alaƙa.

Sai kuma tsadar yaron kansa. A gidan noma, yaro ɗan shekara goma yana kiwo, yana ɗebo ruwa, yana taya aikin gona, idan ya girma shi ne fanshon iyayensa. Caldwell ya bayyana wannan a 1976 da cewa dukiya tana gangarowa daga 'ya'ya zuwa iyaye. Da makaranta ta zama dole, aikin yi ya koma na mai takarda, sai ruwan ya juya: iyaye ke zubawa shekara 15 ko 20 kafin su ga komai. A nan ne iyali suke zaɓar kaɗan da za su iya ɗauka har ƙarshe. Saboda haka ka auna karatun 'ya'yan ma, ba na uwa kaɗai ba. Ka tambayi matakin da iyaye suke burin kai su, da abin da suke kashewa, da ko suna da wani tanadin tsufa.

Wanne ya jawo wanne

Yarinyar da ta yi ciki ko aka aurar ta bar makaranta, haihuwa ce ta yanke mata karatu. A jadawali kuwa za ta fito a matsayin mai ƙarancin ilimi mai 'ya'ya da yawa, a ɗora wa rashin ilimi laifin. Nan ne tambayar shekarun barin makaranta take aiki: ka jera ta da shekarun aure da na haihuwar fari ka ga wanne ya riga. Akwai kuma gidan da ta fito. Iyayen da suka bar 'yarsu ta gama sakandare wataƙila da ma suna da wani ra'ayi a kan aure da iyali.

Masana suna kauce wa wannan ta hanyar neman lokacin da wani abu daga waje ya ƙara wa wasu karatu ba da zaɓinsu ba. Shirin firamare kyauta da Najeriya ta fara a 1976 ya shafi wasu jihohi da wasu shekarun haihuwa fiye da wasu. Una Osili da Bridget Long sun yi amfani da wannan bambanci a 2008, suka samu cewa ƙarin shekara ɗaya ta karatun mace yana rage haihuwa 0.26 kafin ta cika 25. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun yi gwaji a makarantun firamare 328, inda aka ba wasu ɗalibai kayan makaranta kyauta ta hanyar ƙuri'a. 'Yan matan da suka samu sun fi tsayawa a makaranta, ciki da auren wuri sun ragu a cikinsu. Idan ba ka da irin wannan dama, ka rubuta “yana tafiya tare da”, ka bar “yana jawo” ga wanda ya yi gwajin.

Kafin ka yanke hukunci, gwada shi da wuraren da suka ƙi bin layi. Faransa ta fara rage haihuwa tun ƙarshen ƙarni na 18, kusan shekara 100 kafin Ingila, wadda ta fi ta masana'antu. Jihar Kerala ta Indiya ta sauko zuwa wajen biyu a ƙarshen shekarun 1980 tana da ƙarancin samu, amma matanta sun yi karatu, yaranta suna rayuwa. Bangaladesh ta sauko daga sama da shida a shekarun 1970 zuwa kusan biyu ba tare da ta zama mai arziki ba, kuma a yankin Matlab, inda aka fara tura mata ma'aikata gida-gida a 1977, haihuwa ta fi raguwa a ƙauyukan da aka kai wa hidimar. Iran ta faɗo daga sama da shida a tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen biyu a 2000, tare da asibitocin karkara da karatun mata da goyon bayan malaman addini. Isra'ila kuwa tana da wadata da ilimi, amma tana nan wajen uku.

A ƙasashen da haihuwa ta riga ta yi ƙasa, alaƙar tana canja kama. A Suwidin da Norwe, mazan da suka fi ƙarancin karatu su ne suka fi zama babu ɗa, gibin da ke tsakanin mata masu digiri da sauran kuma ya kusa rufewa, inda ake da hutun haihuwa da wuraren renon yara. Koriya ta Kudu, wadda ta tashi daga wajen shida a 1960, ta kai 0.72 a 2023, ga tsadar gida da gasar karatu da dogayen sa'o'in aiki. A irin waɗannan wurare ka yi hattara da ma'aunin TFR kansa. Idan mata suna ɗage haihuwar fari daga 25 zuwa 31, ma'aunin zai faɗi a shekarun ɗagewar ko da a ƙarshe za su haifi adadin da iyayensu mata suka haifa. Ka ajiye shi gefe da matsakaicin shekarun haihuwar fari. Idan wannan yana hawa, wani ɓangare na faɗuwar jinkiri ne, kuma ba za ka tabbatar ba sai matan sun kai 45.

Wajen rubuta sakamakon, kowane adadi ya zo da shekarar binciken, da rukunin shekarun matan, da yawan waɗanda aka tambaya. Ka nuna haihuwa da 'ya'yan da suke raye a layi biyu daban, domin gibin na biyu ya fi ƙanƙanta inda yaran matalauta suka fi rasuwa. Ka sa adadin da ake so kusa da wanda aka haifa a kowane rukuni. Inda aka haifi fiye da abin da ake so, matsalar ta samun hidima ce ko ta wanda ke da ikon yanke shawara a gidan. Inda aka haifi ƙasa da abin da ake so, sai ka koma kan tsadar reno, da yanayin aiki, da shekarun da aka yi aure.